Daga Majinyaci Zuwa Mai Jinya: 'Yan Mazan Jiya da Maganin Razanar Yaƙi

Gabatarwa

Raunin da yaƙi ke yi wa soja iri biyu ne. Akwai wanda ido ke gani, kamar harbi da karaya da yankewar gaɓa, akwai kuma wanda ke ɓoye a zuci, wanda ba ya jini, ba a kuma ɗaure shi da bandeji. Sojan da ya komo da na farko kowa ya san abin da za a yi masa: a kai shi asibiti, ya kwanta, likita ya yi aikinsa. Na biyun shi ne ya daɗe yana ba likitoci da hukumomin soja wuya. Mutum ya dawo gida da ƙafafunsa, amma barci ya ƙaurace masa. In ya runtsa sai mafarkin fagen fama, ƙarar buga ƙofa ta sa ya zabura yana neman mafaka, abu kaɗan ya harzuƙa shi. A hankali sai ya janye jiki daga iyali da abokai, wani kuma ya faɗa shaye-shaye.

Wannan lacca za ta bi tarihin neman maganin wannan ciwo a ƙasashen Ingila da Amurka, daga 1915 zuwa shekarun nan. Abin da tarihin ya nuna shi ne, muddin aka ɗauki tsohon soja kamar gawa a hannun mai wanka, a juya shi yadda aka ga dama, magani bai cika kama shi ba. Ci gaban da aka samu ya zo ne a lokutan da aka sa hannunsa a cikin jinyar kansa da ta 'yan'uwansa, ko kuwa shi ya ƙwaci wannan dama da kansa. Hatta sunan da likitocin duniya ke kiran ciwon da shi a yau, da 'yan mazan jiya aka raɗa shi.

Razanar igwa, 1915 zuwa 1922

A watan Fabrairu na 1915, watau wata shida da ɓarkewar Yaƙin Duniya na Farko, wani likitan sojan Ingila mai suna Charles Myers ya buga bayani a mujallar likitoci ta Lancet game da wasu sojoji uku da aka kawo daga fagen fama a Faransa. Harsashin igwa ya fashe kusa da su. Babu wani babban rauni a jikinsu, amma ganinsu ya raunana, sun daina jin ƙanshi da ɗanɗano, sun kuma manta abubuwa da dama. Myers ya kira abin da sunan da za a iya fassarawa da razanar igwa. Da farko an zaci girgizar fashewar ce ke taɓa ƙwaƙwalwa, amma ba a jima ba sai aka ga ciwon ga mutanen da igwa ba ta taɓa fashewa kusa da su ba. Kafin yaƙin ya ƙare a 1918, rundunar Ingila ta ga masu wannan ciwo kimanin 80,000.

Manyan hafsoshi da yawa sun ɗauki abin ragwanci ne kawai. A cikin yaƙin an harbe sojoji 306 na Ingila da ƙasashen da ke ƙarƙashinta bisa laifin gudu ko tsoro, kuma sai a 2006 gwamnati ta yi musu afuwa, bayan an yarda cewa da yawansu marasa lafiya ne. Wasu likitocin ma hanyar tilas suka bi. A Landan, Lewis Yealland yakan ɗora wayar lantarki a maƙogwaron sojan da razana ta bebantar, ya ƙi barinsa ya fita ɗakin sai ya yi magana.

A asibitin Craiglockhart da ke Edinbara, ƙasar Sikotlan, aka fara ganin wata hanya dabam. Likita W. H. R. Rivers ya lura cewa shawarar da kowa ke ba waɗannan mutane, watau su kawar da yaƙin daga ransu su tuna abubuwa masu daɗi, ita ce ke ƙara musu ciwon, domin abin da aka danne da rana shi ke tasowa da dare. A wata lacca da ya yi a watan Disamba na 1917 ya nuna cewa majinyacin da ya zauna ya faɗi abin da ya gani, ya dube shi ido da ido, mafarkinsa kan yi sauƙi. Abokin aikinsa Arthur Brock kuma ya riƙa ba majinyata aikin yi. Mawaƙi Wilfred Owen, wanda ya kwanta a can a 1917, shi ne ya zama editan mujallar asibitin, ya kuma koyar da yara a wata makaranta a cikin gari. A nan dai majinyaci ya tashi daga kwance ya kama wani abu da hannunsa.

Sai dai wannan hanya ba ta yi nisa ba. Asibitin na hafsoshi ne zalla, manufarsa kuwa a gyara mutum a mai da shi fagen fama. Owen ya koma Faransa, aka kashe shi ranar 4 ga Nuwamba, 1918, saura mako guda a tsagaita wuta. A 1922 kwamitin da Ma'aikatar Yaƙi ta kafa ya ɗora yawancin laifin a kan rashin horo da raunin halin wasu sojoji, ya kuma ba da shawarar a daina amfani da sunan razanar igwa.

Gwajin Northfield

Mataki na biyu wani tsohon soja ne ya ɗauke shi. Wilfred Bion ya ja ragamar tankar yaƙi a Faransa yana ɗan shekara 20, har aka ba shi lambar yabo saboda gumurzun Cambrai na 1917. Bayan yaƙi ya yi karatun likita. A ƙarshen 1942, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, aka tura shi tare da John Rickman zuwa asibitin soja na Northfield, a birnin Birmingham, aka danƙa masa wani sashe mai majinyata tsakanin 100 da 200. Ya tarar da wurin a hargitse: ɗakuna da ƙazanta, mutane suna fita ba izini, kowa yana jiran likita ya yi masa wani abu.

Bion ya dubi lamarin da idon hafsa. A ganinsa waɗannan mutane bataliya ce da ta rasa abokin gaba, saboda haka ya nuna musu cewa abokin gabarsu shi ne ciwon da ya hana su zaman tare. Ya kafa 'yan dokoki kaɗan. Kowa zai yi motsa jiki na awa guda kullum, kowa zai shiga wata ƙungiyar aiki, kamar kafinta ko karatun taswira, wanda kuma bai ga wadda ta yi masa ba yana iya kafa tasa. Kowace rana da tsakar rana sai a taru na rabin awa a duba yadda al'amura ke tafiya. Da majinyata suka kawo ƙarar cewa ɗakuna sun yi datti, kuma mafi yawa ba sa aikin komai, sai ya ƙi hukunta kowa, ya ce musu matsalar tasu ce, su nemo mata mafita. Suka yi ta gunaguni, daga baya suka tsara masu shara da kansu, ɗakuna suka gyaru. Hukumar asibiti ba ta ji daɗin hargitsin farko ba, bayan mako shida aka ɗauke Bion da Rickman daga wurin.

Duk da haka irin da suka shuka ya tsiro. Daga 1944 wasu suka sake gwadawa a wannan asibiti, cikinsu har da S. H. Foulkes da Tom Main da Harold Bridger, wanda malamin lissafi ne kuma hafsan igwa, ba likita ba. Bridger ya kwashe gadaje daga wani babban ɗaki, ya bar shi wayam, ya ce kulob ɗin asibiti ke nan. Da majinyata suka zo a fusace suna tambayar dalilin ɓarnar wuri, sai ya ce musu ɗakin nasu ne, su yi abin da suka ga dama da shi. Daga nan suka kafa jarida da ƙungiyar kiɗa, tsofaffin majinyata kuma suka ɗauki nauyin tarbar sababbi suna nuna musu yadda ake zama. A 1946 Main ya rubuta cewa zaman jama'ar asibiti shi kansa magani ne, ya kira tsarin al'umma mai warkarwa. A kan wannan tunani aka kafa cibiyoyi kimanin 20 a Ingila daga 1945 domin fursunonin yaƙi da suka komo gida, inda ba a tilasta wa kowa zuwa, kuma mutum na iya tafiya ranar da ya so.

Biyetnam da majalisar hira

Daga nan labarin ya koma Amurka, inda 'yan mazan jiya suka yi abin da ba su jira izinin kowa ba. Domin a fahimci dalili, sai an san wani littafi. Ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka tana buga wani kundi da ake kira DSM, wanda ya jera sunayen cututtukan ƙwaƙwalwa da alamominsu. Abin da ba ya cikin kundin, da wuya likitan gwamnati ya rubuta shi a katin majinyaci, da wuya kuma a biya diyya a kansa. Bugun farko na 1952 ya tanadi suna ga razanar fagen fama, ko da yake ya ɗauke ta abu ne mai wucewa. Bugu na biyu ya cire sunan ɗungum, ya kuwa fito ne a 1968, shekarar da yaƙin Biyetnam ya fi ƙazanta.

Amurkawa kimanin miliyan 2.7 suka yi aikin soja a Biyetnam, fiye da 58,000 suka mutu. Tsarin tura su ya ƙara dagula al'amari. Kowane soja shekara guda yake yi, ya je shi kaɗai ya shiga rundunar da bai sani ba, ranar da wa'adinsa ya cika kuma jirgin sama ya kwaso shi ya sauke cikin jama'ar da ta rabu biyu a kan yaƙin. Sojan Yaƙin Duniya na Biyu ya fi shi sa'a, domin sau da yawa yakan yi makonni a jirgin ruwa tare da abokan fama, suna hira har su iso gida. Wanda ya je asibitin hukumar kula da tsofaffin sojoji yana kukan mafarki da fushi, sai a rubuta masa hauka, ko mugun hali, ko shaye-shaye. A 1969 wata ma'aikaciyar jin daɗin jama'a a asibitin hukumar da ke Boston, Sarah Haley, ta saurari wani matashi da ya ce a gabansa rundunarsu ta kashe mata da yara a ƙauyen My Lai. Abokan aikinta suka ce sambatun mahaukaci ne. A watan Nuwamba na shekarar labarin ya bazu a jaridun duniya, aka kuma tabbatar cewa an kashe fararen hula ɗaruruwa a ƙauyen a watan Maris na 1968.

Tun 1967 wasu tsofaffin sojoji shida, cikinsu har da Jan Barry, suka kafa ƙungiyar 'yan mazan jiyan Biyetnam masu adawa da yaƙin. A ofishinsu na New York sai suka ga mutane na zuwa domin aikin ƙungiya, amma su ɓuge da hirar abin da ya same su har dare ya raba. A ƙarshen 1970 Barry ya rubuta wa Robert Jay Lifton, likitan ƙwaƙwalwa na Jami'ar Yale wanda ya yi nazarin waɗanda suka tsira daga bam ɗin Hiroshima, ya gayyace shi. A watan Disamba aka fara zama, tare da Chaim Shatan na Jami'ar New York da wasu masana da suka ba da lokacinsu kyauta.

Sharuɗɗan zaman 'yan mazan jiya ne suka gindaya su. A ofishinsu za a taru, kowane mako, ba a asibiti ba. Ba a kiran kowa majinyaci. Likita ɗan majalisa ne kamar kowa, ana iya yi masa tambaya a kan rayuwarsa da matsayinsa game da yaƙin. Ƙofa a buɗe take ga duk tsohon sojan da ya shigo. A irin wannan majalisa ne mutane suka fara faɗin abin da ba su iya faɗa wa iyayensu da matansu ba: nadamar abin da hannunsu ya aikata, da kunyar tsira alhali aboki ya mutu, da jin cewa shugabanni sun yaudare su, da bushewar zuciyar da ta hana su ƙaunar kowa. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo, kuma wanda ya kwana a rami ɗaya da mutum ba ya buƙatar dogon bayani. A watan Mayu na 1972 Shatan ya bayyana alamomin a jaridar New York Times, wasiƙu suka yi ta zuwa daga ko'ina, irin wannan majalisa kuma ta bazu a birane da yawa. Lifton ya tattara abin da ya koya a littafin da ya fitar a 1973.

Raɗin suna

A tsakiyar shekarun 1970 aka fara shirin bugu na uku na kundin DSM a ƙarƙashin Robert Spitzer, kuma da farko babu niyyar mai da razanar yaƙi cikinsa. Wasu manyan masana na ganin cewa sunayen da ke akwai, kamar ciwon damuwa da ciwon fargaba, sun wadatar. Shatan da Lifton da Haley da wasu 'yan mazan jiya suka haɗa kai suka tunkari Spitzer, ya ce su kawo hujja. Suka tattara bayanan mutane fiye da 700, suka gwama su da abin da aka gani ga waɗanda suka tsira daga sansanonin 'yan Nazi da waɗanda bala'o'i suka rutsa da su. Aka kafa ƙaramin kwamiti a ƙarƙashin Nancy Andreasen, wadda ta taɓa jinyar masu ƙunar wuta, ta kuma ga irin waɗannan alamomi gare su. Cikin 'yan kwamitin har da Jack Smith, tsohon sojan kundunbala da ya yi yaƙi a Biyetnam, wanda ba likita ba ne.

A 1980 kundin ya fito da sabon suna, wanda ma'anarsa ita ce ciwon razanar da ke biyo bayan mummunan tashin hankali, likitoci kuma suna taƙaita shi da haruffan PTSD. Abu biyu suka sa sunan ya zama babban sauyi. Na farko, an ɗora asalin ciwon a kan abin da ya faru ga mutum, maimakon raunin halinsa ko tarbiyyarsa. Na biyu, an yarda cewa ciwon na iya ɓoyewa watanni ko shekaru kafin ya bayyana, wanda hakan ya buɗe ƙofar diyya ga mutanen da suka daɗe da tuɓe kaki. Amfanin bai tsaya ga sojoji ba, ya kai ga matan da aka yi wa fyaɗe da waɗanda suka yi haɗarin mota da 'yan gudun hijira. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta shigar da ciwon a nata kundin da ta buga a 1992.

Cibiyoyin bakin titi

Suna kaɗai ba ya warkarwa, sai an sami wurin zuwa. Tun 1971 wani tsohon hafsa da ya yi aikin jin daɗin sojoji a Biyetnam, Shad Meshad, ya riƙa bin 'yan'uwansa a titunan Los Angeles da bakin teku da tsaunukan da wasu suka ɓuya, yana haɗa su majalisa a duk inda ya samu. A majalisar dattawa kuma Sanata Alan Cranston ya yi ta gabatar da ƙudurin kafa irin wannan hidima, dattawa na amincewa, majalisar wakilai na kashewa. Al'amarin ya juya a 1977, lokacin da Shugaba Jimmy Carter ya naɗa Max Cleland shugaban hukumar kula da tsofaffin sojoji. Cleland yana da shekara 34, gurneti kuma ya raba shi da ƙafafunsa biyu da hannunsa na dama a Biyetnam a 1968. A watan Yuni na 1979 Carter ya sa hannu a dokar.

Tsarin cibiyoyin daga majalisar hira aka kwaikwayo shi, Meshad na cikin waɗanda suka zana shi. An kama hayar shaguna a cikin unguwanni, nesa da manyan asibitoci. Kowace cibiya ma'aikatanta kamar huɗu ne, mafi yawansu 'yan mazan jiyan Biyetnam, babu farar rigar likita, babu dogon cike takardu. Zuwa 1981 an buɗe 91. A wannan shekara sabuwar gwamnatin Ronald Reagan ta nemi soke kuɗinsu, 'yan mazan jiya suka yi zaman dirshan da yajin cin abinci, majalisa ta tsawaita shirin. Cibiyoyin sun ƙaru har suka kai kimanin 300, aka kuma buɗe su ga sojojin yaƙe-yaƙen baya da iyalansu.

Bincike ya tabbatar da girman buƙatar. Wani babban nazari da majalisa ta ba da umurnin yi a 1983, wanda sakamakonsa ya fito a 1988, ya gano cewa kashi 15 cikin ɗari na mazan da suka yi yaƙin suna fama da ciwon a lokacin, kashi 31 kuma sun taɓa yinsa. A 2006 wasu masana suka sake duba alƙaluman da ma'auni mai tsauri, suka sauko da su zuwa kashi 9 da kashi 19. Ko da ƙananan alƙaluman aka ɗauka, maganar mutane dubu ɗaruruwa ake yi.

Tsohon majinyaci a matsayin ma'aikaci

Mataki na baya-bayan nan shi ne mai da taimakon ɗan'uwa aiki mai horo da albashi. A Kanada, Laftanar-Kanal Stéphane Grenier, wanda ya komo daga Ruwanda da ciwon, ya kafa shirin taimakon juna na sojoji a 2001. A Ingila sojojin kundunbala na ruwa sun fara horar da wasu daga cikinsu su riƙa lura da abokansu bayan mummunan gumurzu, su kai wanda ya jigata wurin likita. A Amurka majalisa ta yi doka a 2008 kan ɗaukar irin waɗannan mataimaka, a watan Agusta na 2012 kuma Shugaba Barack Obama ya ba da umurnin a ɗauki 800. Sharaɗin aikin shi ne mutum ya kasance tsohon soja wanda ya yi fama da ciwon ƙwaƙwalwa ko shaye-shaye, ya sami sauƙi, ya kuma ci jarrabawar horo. Abin da a da ake ɓoyewa don kunya ya zama takardar shaidar neman aiki.

Wajibi ne a faɗi iyakar wannan hanya. Hira kaɗai ba ta cika raba mutum da ciwon da ya yi kanta ba, kuma majalisar da ba ta da mai ja-gora tana iya zama wurin tone gyambo kowane mako. Gwaje-gwaje sun nuna cewa tara mutane nan take bayan bala'i a sa su amayar da abin da suka gani a zama guda ba ya hana ciwon, wani lokaci ma yakan ƙara shi. Mataimakin da ba a kula da shi ba kuma nasa ciwon na iya tashi. Magungunan da suka fi samun shaidar bincike su ne na zama da ƙwararre na makonni kamar 8 zuwa 15, irin wanda Edna Foa ta tsara, inda mutum ke tunkarar abin da yake gudu sannu a hankali, da wanda Patricia Resick ta tsara, inda yake rubutawa yana tantance tunanin da ya ɗaure shi, kamar ɗora wa kansa laifin mutuwar aboki. Abin lura shi ne, su ma waɗannan aikin majinyaci ne ya fi yawa a cikinsu, kuma saboda ɗacinsu da yawa kan bari a tsakiya. A nan amfanin ɗan'uwa yake: shi ke jawo mutum zuwa ƙofa, shi ke lallashinsa ya koma zama na gaba. A 2022 tsofaffin sojojin Amurka 6,407 suka kashe kansu, kuma fiye da rabinsu ba su je asibitin hukumar ba a shekarar ko wadda ta gabace ta. Likita ba ya iya jinyar wanda bai zo ba.

Kammalawa

Wannan tarihi ya taɓa ƙasar nan ta wata fuska. Dubban 'yan Nijeriya, da yawansu daga Arewa, sun yi yaƙi a ƙasar Bama tsakanin 1943 da 1945 a runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma. A 1944 aka mai da wani tsohon gidan yari a Lantoro, Abeokuta, wurin tsare masu taɓin hankali, cikinsu har da sojojin da aka komo da su daga yaƙin. Daga wannan tushe asibitin Aro ya fito, inda a 1954 Dokta Thomas Adeoye Lambo ya fara saukar da majinyata a gidajen ƙauyukan da ke kewaye, kowa tare da ɗan'uwansa, suna zuwa asibiti da rana. Ta wata hanya dabam ya iso inda mutanen Northfield suka isa, watau cewa zama cikin jama'a da riƙe wani nauyi suna cikin magani. Bayan haka an yi yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, wanda ya kumbura rundunar ƙasa daga kimanin 10,000 zuwa kimanin 250,000, sa'an nan Laberiya da Saliyo a shekarun 1990, sa'an nan Arewa maso Gabas tun 2009. Likitocin ƙwaƙwalwa kuwa 'yan ɗaruruwa ne ga jama'a fiye da miliyan 200.

A watan Janairu na 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin dokar mahaukata ta 1958, ta kuma ba majinyaci haƙƙin sa baki a maganin da za a yi masa. Ƙungiyar 'yan mazan jiya ta ƙasa, wadda aka kafa a 1964, tana da rassa a jihohi, watau majalisar tana nan tun tuni. Ma'aikacin da aka ɗora wa tsara irin wannan hidima zai sami abin dubawa a cikin abin da ya gabata. Rivers ya saurara, amma hafsoshi kawai ya samu. Bion ya miƙa ragama, hukuma ta karɓe bayan mako shida. Mutanen New York sun yi nasu da kansu, amma sai da suka shekara tara kafin doka da kuɗin gwamnati su tsaya musu, sai kuma bayan wasu shekaru kusan talatin aka tsara wa mataimakan horo da albashi. Shirin da ya ɗore shi ne wanda aka zauna da tsofaffin sojoji tun ranar zana shi, aka ajiye shi inda ba sa jin kunyar shiga, aka horar da wasu daga cikinsu, aka kuma ajiye likita kusa domin ranar da ciwo ya fi ƙarfin hira.